Ofishin lauyan da ke duba takardun leburori a yankin Kura

Ƙanena ya shekara shida yana aiki a wani kamfanin casar shinkafa a yankin Kura, har ranar da manaja ya ce masa da baki kawai kada ya dawo gobe, saboda kasuwa ta ja baya. Wannan ne ya kai mu wani ƙaramin ofishin lauya da ke sauraren koken ma'aikata a kan naira 5,000.

Abin da ya fi burge ni shi ne lauyan bai yi mana romon baka ba. Da ƙanena ya tambayi nawa ne kuɗin sallamarsa, sai ya ce: "Malam, Dokar Ƙwadago ta 1974 ba ta yanka wani adadi ba." Ya bayyana cewa idan rage ma'aikata aka yi, sashe na 20 ya ɗora wa mai kamfani yin iyakar ƙoƙarinsa wajen sasanta abin da za a biya, kuma wanda ya zo a ƙarshe shi ake fara sallama, sai dai idan ƙwarewa da riƙon amana sun sa an fifita shi. Haƙƙin da babu jayayya a kansa shi ne na sanarwa, domin sashe na 11 ya ba wanda ya kai shekara biyar yana aiki sanarwar wata guda a rubuce, ko albashin watan a madadinsa.

Matsalarmu ita ce babu takardar ɗaukar aiki, alhali doka ta wajabta a ba ma'aikaci sharuɗɗansa a rubuce cikin wata uku da farawa. Sai lauyan ya sa muka tattaro saƙonnin banki na albashi da katin shaidar aiki, ya rubuta wa kamfanin wasiƙa, yana mai ambaton Kotun Ma'aikata ta Ƙasa da ke da reshe a Kano. Bayan mako uku aka biya albashin watan.

Ofishin yana da nasa aibun. Mun yi zaman jira tun hantsi har bayan azahar a kan benci ɗaya, ba a ba mu rasit ba sai da na nema, kuma da Turanci zalla aka rubuta wasiƙar, har sai da na roƙi akawunsa ya fassara wa ƙanena abin da zai sa wa hannu.