Indomin salansa mai zuciyar ƙarfe: ƙarfen ya yi, shafen ne abin dubawa

Katalis, wato abin tace hayaƙi da ke jikin salansa, shi makanikai ke kira indomi. A cikin irin wanda ake waldawa a kowace mota akwai wanda zuciyarsa ba ta tangaran ba ce kamar na kamfani da ke zuwa a yawancin Corolla da Camry. Fallen ƙarfe ne mai kaurin kusan milimita 0.05 aka naɗe, gamin baƙin ƙarfe da kromiyam wajen kashi 20 cikin ɗari da alminiyam kashi 5. Yana saurin ɗaukar zafi, hayaƙi na wucewa ba takura, kuma bugun gargada ba ya farfasa shi. A nan ya ci yabo.

Amma ba ƙarfen ke tace hayaƙi ba. Aikin na siririn shafen tangaran ne, na sinadaran alumina da seriya, wanda ke riƙe da ƙarafa masu daraja: filatinam, faladiyam da rodiyam. Tangaran ba ya kama ƙarfe mai santsi, shi ya sa masu yin na kirki ke fara gasa fallen a wajen digiri 900 na ma'aunin Salsiyas, har alminiyam ɗin ya fito da kaushi a sama, sannan a shafa. Idan an yi ha'inci a wannan mataki, ƙarfe ya miƙe da zafi, ya tsuke da sanyi, shafen bai bi shi ba, sai ya riƙa ɓarewa. Kafin ka biya, buga shi a tafin hannu: in farin gari ya zubo, ajiye musu kayansu. Haska fitila ta ciki kuma. In tsakiyar naɗin ta zurmo gaba, haɗin bai kama ba.

Indomi mai ƙofofi 200 (ƙananan ramukan da hayaƙi ke bi) a inci murabba'i ya fi yawan kunna fitilar inji da lambar matsala P0420, domin shafen bai kai ya tace hayaƙin ba. Motar hawa ta yau da kullum, nemi mai 400.

Kafin a saka indomin, sai a gyara inji tukuna. Fulogi ko koyil da ya mutu na tura ɗanyen fetur ya ƙone a cikin indomin, zafi ya haura digiri 1,000, shafen ya mutu. Injin da ke shan baƙin mai kuwa, fosfaras ɗin man ke lulluɓe shafen. Mai walda ya cire sensar oksijin kafin ya kunna wuta, kuma kada ya ja indomin baya nesa da inji, don sai ya kai wajen digiri 250 zuwa 300 yake fara aiki.