Ténéré 700 a hanyoyin Binuwai: lantarki nawa babur ke buƙata?

Masu tare ni a kan babur ɗin nan kashi biyu ne. Ƴan acaba da yara gudunsa kawai suke son ji. Masu niyyar saye kuwa tambayarsu ɗaya: me zai sa mutum ya zuba kuɗi haka a babur ɗin da ba shi da komai? Ba allo mai launi, ba maɓallin zaɓen yanayin tuƙi, ba na'urar hana taya zamewa. Su nake wa wannan sharhi.

Yamaha Ténéré 700 ne, ƙirar 2020, na hannu, ta tashar jiragen ruwan Duwala ya shigo. A Garwa ta arewacin Kamaru nake zaune, sana'ata haɗa sola da famfunan burtsatse a ƙauyuka, don haka ƙafata ba ta rabuwa da Lagdo, Poli, Collire da Rai Buba, wani lokaci in haura Ngaundere ko in nausa Marwa da Mokolo. Na faɗi sana'ar ne don kada wani ya zaci tsoron waya nake ji. Da wuta da waya nake cin abinci, kuma sanin su ne ya sa nake taka-tsantsan da su.

Injinsa silinda biyu ne, sisi 689, wanda aka ɗauko daga MT-07, wani babur ɗin kwalta na Yamaha, ƙarfin doki kusan 73. Tankin lita 16 yake ci, nauyinsa da mai cike kilo 204 ne, tayar gaba inci 21, ta baya 18. Totur ɗinsa waya ce ta ƙarfe, irin ta Boxer ɗin da ke kai yara makaranta: ka murɗa, wayar ta ja, inji ya amsa, ba wanda ke tsakani. Sunan kansa na maƙwabta ne, hamadar Tenere ta Nijar, kuma Yamaha ta fara sa wa babur shi a 1983, bayan Cyril Neveu ya lashe tseren Faris zuwa Dakar na farko a 1979 a kan XT500, babur mai silinda ɗaya da ake tayarwa da kik.

Sai dai masu cewa ba lantarki a jikinsa ba su buɗe shi ba. Akwai ƙwaƙwalwar inji, akwai injekta, akwai famfon mai cikin tanki, akwai birkin ABS mai hana taya kullewa. Kuma in don ni ne, ba zan koma kafireto ba. Garwa tana kwance a kwarin Binuwai, Ngaundere tana sama da mita dubu a tudun Adamawa, tsakaninsu kilomita wajen 280. Babur mai kafireto da aka daidaita a nan ƙasa, in ya hau tsaunin da ke bayan Mbe sai ka ji ya yi nauyi, iska ta ragu, mai ya yi masa yawa, fulogi ya fara baƙi. Wannan kuwa ƙwaƙwalwar ce ke auna iska da zafi ta gyara mai da kanta. Sanyin asubar hunturu ko zafin Afrilu da ke wuce digiri 40, taɓa sitata ɗaya ya tashi. Irin wannan lantarki, mai aikinsa shiru ba ya neman shawarata, ba ni da ƙorafi a kansa.

Abin da yake nema a wurina shi ne mai mai tsabta, kuma a nan ne hanyoyinmu ke gwada mutum. Da ka bar manyan garuruwa gidan mai ya ƙare, sai zuwa-zuwa, man da ake shigowa da shi daga Najeriya, a kwalabe da jarkoki a bakin titi. Tun da Najeriya ta cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ma arharsa ta tafi, amma a daji ba ka da wani zaɓi. Datti a kafireto ƙaramin aiki ne, a kwance a hura a mayar. Datti a famfon injekta kuwa yakan toshe ƴar matatarsa, famfon ya yi ta wahala har ya ƙone. Shi ya sa mazurari mai raga ba ya barin jakata, kuma ba na bari a juye mini gindin jarka. Masu sayarwa sukan yi dariya, wani ma ya ce, "Alhaji, man ne za a tace kamar koko?" Na ce masa e, kuma har yau famfon bai ba ni kunya ba.

ABS ɗin dole ce ta sa shi, domin tun 2016 Tarayyar Turai ta wajabta shi a sababbin babura da suka wuce sisi 125. A kwalta alheri ne. Duk mai bin babbar hanyar Garwa zuwa Marwa ya san yadda akuya ko jaki kan faɗo titi ba sallama, ga rami a gaba, ga babbar motar auduga a baya. A irin wannan lokaci hannu yakan damƙe birki ba shawara, na'urar ce ke hana tayar gaba kullewa. A burji kuwa labari ya sha bamban. Taya na tsalle a kan gargada, na'urar na ɗauka kullewa ta yi sai ta saki birkin, kai kuma kana gangarowa daga duwatsun Rumsiki kana neman tsayawa. Maganin a nan maɓalli ɗaya ne a jikin allon: ka tsaya, ka danna ka riƙe, ya mutu. In ka kashe makulli ya dawo, sai ka sake dannawa, haka galibin babura suke. Iyakar abin da zan haddace ke nan.

Manyan baburan yawon duniya na yanzu sun yi nisa da wannan. Africa Twin ɗin Honda na 2020 yana da na'urar da ke auna karkatar babur ta fuska shida, da allon da ake taɓawa da yatsa, har da zaɓin giya mai canza kanta. Ducati ta sa rada gaba da baya a Multistrada V4. BMW R 1300 GS da ya fito a 2023 ƙarfin doki 145 gare shi. Ba ado ba ne duka: doki 145 a ƙarƙashin mutum a kan jiƙaƙƙiyar kwalta, in ba kwamfutar da ke rage masa wuta, sai Allah ya kiyaye. Ƙarfin ne ya jawo lantarkin. Mai doki 73 da ke fitar da ƙarfinsa sannu a hankali, wuyan hannu ya ishe shi.

Wani abokina yana da irin waɗannan manya. Ba zan faɗi kamfanin ba, don abin da ya same shi na iya samun kowane babur mai wannan tsari. Na hau shi, kuma ba zan rage masa komai ba: daga Garwa zuwa Ngong a kansa kamar ba tafiya kake ba, shokozoba na gyara kanta, gilashin gaba na tare iska, ka saita gudu ka huta da hannu. A ƙarshen damina muka nufi wajen Poli tare, muka ƙetare wani mayo, wato rafi, da ruwansa ya kai gwiwa. Muna haurawa fitila mai ruwan ɗorawa ta kama a allonsa, babur ya ƙi wuce gudun keke. Inji lafiya lau, mai cike, taya ba faci. Totur ɗinsa ba waya, sensa biyu ne ke gaya wa kwamfuta iya murɗawar da aka yi, kowace na duba ƴar'uwarta; in maganarsu ta saɓa, kwamfutar sai ta rage ƙarfi don kada babur ya ƙwace da mutum. Hikima ce mai kyau a ƙasar da motar ɗauko babur ke zuwa da kiran waya ɗaya. Mu kuwa a bayan motar masu gyaɗa muka ɗora shi, mutum biyar na nishi.

A Garwa muka kai shi wurin dattijon da ke duba mini nawa a Yelwa, mutumin da ya tsufa a cikin inji. Ya zagaya shi, ya leƙa ƙarƙashin tanki, ya goge hannu ya ce, "Ɗana, wannan ai wayar hannu ce aka sa wa taya. Kunnena ba ya jin ciwonta." Na ce, "Baba, ko a busar da mahaɗar wayoyin mu gani?" Muka busar, na auna abin da mitata ke iya aunawa, fitilar ta ƙi mutuwa, domin karanta laifin da goge shi sai da kwamfutar da ta san yaren wannan kamfani. Ƙarshenta sai da aka kai shi Ngaundere aka sa a jirgin ƙasa zuwa kudu, aka yi makonni ana jiran wani ɗan abu da bai kai girman akwatin ashana ba.

To wannan ne ma'aunina, ba yawan lalacewa ba. Sensa ba ta cika mutuwa ba, wayar totur ma takan tsinke. Amma in tawa ta tsinke a Collire, akwai wata a naɗe ƙarƙashin kujera, in ma babu, kowane mai gyaran acaba zai ƙulla mini abin da zai kai ni gida. Tayoyina masu tub ne, wanda wasu ke ɗauka koma baya, alhali ba ƙauyen da ba mai faci.

Ba kowa zai ji daɗinsa ba. Kujerar ta haura santimita 87, gajeren mutum zai sha rawa a cunkoson babbar kasuwa, kuma siririya ce, doguwar kwalta na gajiyar da mazauni. Nauyin yana sama, in ya kwanta a yashi za ka san kilo 204 ba wasa ba. Ba kik, saboda haka batir abin lura ne a wannan zafi namu da ke cinye shi da wuri. Ƙurar hunturu kuma ba ta jiran lokacin da littafin kamfani ya ɗiba. Na sa matatar iska ta soso da ake wankewa, ina duba ta duk dawowa daga burji. Kayan gyaransa ma ba a kasuwar Garwa suke ba, sai an yi oda, sauƙin dai injin ba mai yawan neman taɓawa ba ne, sai kilomita 40,000 ake duba bawul. Wanda kuma iyakarsa gari da gona, Boxer ko TVS sun fi masa wannan nesa ba kusa ba, ya adana kuɗinsa.

Ƙirar 2025 ta bar wayar totur, ta koma ta lantarki, da yanayin tuƙi da na'urar hana zamewa da allo mai launi. Mai zama Duwala ko Yawunde na iya murna da hakan. Wanda zai riƙa kwana a Rai Buba, ni dai ƙirar farko zan nuna masa, daga 2019 zuwa 2022. In ka samu na hannu daga Turai, ka haska cikin tankin da tocila ko akwai tsatsa, ka duba gargaren ko ya lanƙwashe, sannan kada ka biya sai an miƙo maka jan makulli. Makullan suna da ɗan guntun lantarki da ƙwaƙwalwar ke ganewa, kuma da jan ne kaɗai ake yi wa sabon makulli rajista. In babu shi ka kuma yar da baƙin makullin da kake tuƙi da shi, gyaran ya zama na canza ƙwaƙwalwar da makunnin gaba ɗaya.