Shirin lambu da al'adu na ajin 'yata a San Diego: yabo da ƙorafi ɗaya

Wata Laraba 'yata ta dawo daga makaranta farcenta duk ƙasa, ta leƙo kicin ta ce, "Howka, Mama." Na ce wannan kuma yaren ina ne? Ta ce gaisuwar Kumeyaay ce, mutanen da ke zaune a ƙasar nan tun kafin a san da wani gari wai shi San Diego. Tun ranar na sa ido a kan shirin da makarantarsu ke yi wa 'yan aji uku, mai haɗa lambu da karatu da al'adu. Yanzu an cinye zango guda, ga abin da idona ya gani.

Darasin Kumeyaay ya fi komai shiga raina. Na raka su gandun Mission Trails, inda akwai fale-falen duwatsu masu ramuka, nan matan Kumeyaay ke daka 'ya'yan itacen oak a da. Na durƙusa na zura hannu cikin rami ɗaya, sumul, kamar cikin tsohon turmin kakata. Da aka koma aji, yara suka fasa 'ya'yan, suka niƙa, aka zuba garin a ƙyalle ana ta kwarara masa ruwa har ɗacin ya fita. Duk wadda ta taɓa jiƙa rogo mai ɗaci ta san irin wannan haƙuri. Abin da aka dafa sunansa shawii, kaurinsa tsakanin kunu da tuwo, ba gishiri ba sukari. 'Yata ta yamutsa fuska, amma ta cinye nata tas.

Malamar ma ta ciri tuta a wajena, don ba ta maganar Kumeyaay kamar mutanen da suka shuɗe. Tana gaya wa yara cewa suna nan a yankunan da aka keɓe musu kamar Barona da Viejas da Sycuan, wasu kuma a tsallaken iyaka cikin Baja California, tun da yarjejeniyar 1848 ta raba ƙasarsu tsakanin Amurka da Meziko. Ba ta ɓoye musu zuwan Sifaniyawa a 1769 ba, balle yadda Kumeyaay suka ƙona mishan ɗin San Diego a 1775. Yara 'yan shekara takwas ne, kuma sun fahimta sarai.

Lambun ɗan ƙarami ne, akwatunan katako a bayan aji. An shuka latas da karas, a gefe kuma tsirran gargajiya irin su farin sage mai ƙamshi. Lokacin hutu ba a sa mai ban ruwa ba, latas ya ƙone ƙurmus, tsirran gargajiyar ko gezau. Sakaci ne, amma malamar ta mai da shi darasi a kan shukar da ta san ƙasarta. Karatu kuwa ba laifi, duk Juma'a yaro na zuwa gida da littafi.

Inda aka ɓata min rai shi ne wajen al'adun duniya. Afirka gaba ɗayanta rana ɗaya aka ba ta. Aka raba wa yara hoton zaki da raƙumin dawa su shafa launi, aka buga ganga, shi kenan. Ko sunan ƙasa ɗaya ba a kira ba. Makarantar da ta iya koya wa yaro bambancin rassan Kumeyaay biyu, Ipai na arewa da Tipai na kudu, a ce ta kasa ambaton Kano ko Damagaram? 'Yata ta tambaye ni ko na taɓa ganin zaki a gida, na ce sai dai a gidan zu.

Na je na sami malamar, ta saurare ni har na dasa aya, ba ta kare kanta ba. Ta roƙi in zo zango mai zuwa in karɓi aji na awa guda. Na amsa. Zan tafi da ƙwarya da faifai, da irin yakuwa mu gwada a akwatin da latas ya mutu.

Mai niyyar sa ɗansa ya sa, sai dai ranar lambu a sanya masa tsofaffin kaya.