Harsashin dutse ko na bulo mai inci 9?

Malam, ka tambaya wanne ya fi a harsashin gidan da za ka ɗora a Bauchi, dutse ko bulo, kuma me ya sa birkilan da ka samu ya ce shi ba ya taɓa dutse.

Gaskiya ya faɗa maka, hannun ba ɗaya ba ne. Birkila bulo yake jerawa, kowanne girmansa ɗaya, kayan aikinsa cokali, igiya, lebur da sukwaya. Maginin dutse kuwa sai ya ƙara da guduma da kurfi, domin kowane dutse sai ya juya shi ya nemo fuskarsa, ya sare ƙahon da ya fito, sannan ya zaunar da shi a kan cikinsa mai faɗi.

Bulo mai inci 9 guda 10 ke rufe murabba'in mita ɗaya, aiki na sauri, lissafi a fili. Matsalarsa daga wurin bugawa take. Buhun siminti kilo 50 bai kamata ya wuce bulo 25 zuwa 30 ba, amma wasu na ja har 40. Ka murza gefensa da yatsa, in yashi ya zubo ka bar musu kayansu. A harsashi dole a cike ramukansa da kankare, in ba haka ba ruwa ya kwanta a ciki, damina biyu ka ga filasta na kumbura tana zuba.

Dutse mai tauri ba ruwansa da danshi, musamman baƙin dutsen nan da ya kewaye garin Bauchi. Sai dai kauri yake so, wajen inci 18, kuma yana shan kwaɓi, kusan kashi ɗaya cikin uku na bangon duk siminti da yashi ne. Kwaɓin a yi shi 1 ga 6: buhu ɗaya kwanon sarki biyu ne, ke nan yashi kwano 12. A nan ake cuta. Magini mai ha'inci zai gyara fuska biyu su yi kyau, ya zuba ɓaraguzai a tsakiya ba kwaɓi, bangon ya zama biyu a jingine, nauyi na hawa ya buɗe. Maganinsa a riƙa gitta dogon dutse da ya ratsa daga wannan fuska zuwa waccan, kusan kowace mita. Kada gaɓa ta hau kan gaɓa, dutse ɗaya ya danne biyu. Mulmulallen dutsen rafi kuma a bar shi, ba ya riƙe kwaɓi, haka mai ƙura sai an wanke.

Na Gombe su lura, yawancin dutsensu na yashi ne, ya fi sauƙin sara amma yana shan ruwa, a jiƙa shi kafin a ɗora don kada ya tsotse ruwan kwaɓi. Inda ƙasar laka ce mai tsagewa da rani, dutse da bulo duk ba su isa ba sai an sa rodi.

In filinka gangare ne ko ruwa na bi ta wurin, kuma tipar dutse ba ta da nisa, ka yi dutse har ya ɗago daga ƙasa, a zuba kankare a kai, birkilanka ya ci gaba da bulo. Kowanne ka zaɓa, a ba shi ruwa safe da yamma kwana 7.