Jiƙon sabara: shaidar kasuwa ko gwajin Samaru?

Mai magani a kasuwar Sabon Gari zai ce maka jiƙon sabara na kwantar da ciwo har ya sa barci, hujjarsa dai mutane sun sha sun dawo. Ga arha, amma fa ba awo.

'Yan famasi na Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) da ke Samaru kuwa irin wannan ganye shanya shi suke, su daka, su jiƙa a metanol (ruwan sinadari mai tsamo maganin da ke cikin ganye), su ba ɓeraye daidai nauyinsu, sai a musu allurar asid a ciki a ƙirga sau nawa suka murɗe don ciwo, a ga ko ganyen ya rage shi, gwajin barci kuma a haɗa da diazepam (magani mai sa barci) ana duba agogo a ga tsawon barcinsu. Akwai cin kuɗi da lokaci gaskiya, kuma ɓera ba mutum ba ne, amma ni nan na fi yarda, ko ba komai gubar ganyen ake fara dubawa.