Sauraron jiki ko kawar da hankali: wanne ya fi wa mai gudu?

Masu gudun dogon zango sun kasu gida biyu. Wasu suna kasa kunne ga jikinsu: numfashi, bugun zuciya, tsamin da ke taruwa a sharaɓa. Wasu kuwa sai su toshe kunne da waƙa, ko su riƙa ƙirga sandunan lantarki har a kai.

A 1977, masu bincike William Morgan da Michael Pollock sun gano a Amurka cewa zakarun gudun fanfalaki sun fi bin hanyar farko. Da gaskiyarsu. Wanda ya ji cinya ta fara nauyi da wuri zai sassauta, ya adana ƙarfinsa don ƙarshen kilomita 42. Sai dai a yi hattara: mai tsare kowane numfashi kamar ɗan sanda yakan ɗaure kafaɗa, gudun ya ƙara cin iska.

Kawar da hankali yana rage jin gajiya, musamman ga sabon shiga mai sassarfar asuba. Amma idan gudu ya yi zafi, jiki na ƙwace hankali ko an ƙi ko an so. Kuma mai nutsewa cikin waƙa yakan makara wajen jin ƙishirwa ko zafin gwiwa. Ni dai, ranar atisaye waƙa, ranar gasa kuwa sauraron jiki.