Na leƙa New Room na Bristol, ɗakin da aka fara tara kwabo kwabo

Satin da ya wuce na samu na shiga New Room a Bristol ta Ingila, ɗakin sujadar da John Wesley, wanda ya kafa ɗariƙar Kirista ta Methodist, ya gina a 1739 aka ƙara masa girma a 1748, babu ginin Methodist da ya girme shi a duniya. Yana tsakiyar kasuwar Broadmead ne, shaguna ta ko'ina, in ba ka lura ba sai ka wuce ƙofar. Ɗakin sujada kyauta ake shiga, gidan tarihin da ke sama ne ake yankar tikiti, kuma gaskiya kuɗina bai tafi a banza ba.

Ni ma'ajin ikilisiya ne tun da daɗewa, shi ya sa maganar kuɗi ce ta kai ni, ina son in ga da me suka riƙe masu wa'azinsu na farko. Ashe ginin kansa da bashi aka yi shi. A Fabrairun 1742 Wesley da mabiyansa suka zauna kan yadda za a biya, sai wani Kyaftin Foy ya ce kowa ya riƙa ba da kwabo ɗaya duk sati, aka ce masa ai wasu ko kwabon ba su da shi, ya ce to a haɗa shi da mutum 11 mafi talauci, shi zai riƙa zagayawa gidajensu, wanda bai samu ba shi zai biya masa. Kai, na daɗe a tsaye ina juya maganar nan a raina. Daga nan ne aka raba jama'a aji aji, mutum 12 har da shugabansu, mai karɓar kwabo ya koma mai tambayar lafiya da halin da kowa ke ciki.

Zuwa 1746 an raba Ingila da Wales gida bakwai, kowane mai wa'azi da zagayensa a kan doki, yau nan gobe can, ci da kwana a gidan 'yan'uwa. Duk wata uku masu riƙe da asusu su haɗu a buɗe littafi a yi lissafi, nawa ya shigo nawa ya fita, har kuɗin abincin doki. Sai a 1752 ma aka yanka wa mai wa'azi fam 12 a shekara, fam 3 kenan duk wata uku, ka ji fa, mutum da iyalinsa.

Inda ya fi taɓa ni shi ne sama. Ƙananan ɗakuna ne a jere inda masu wa'azi ke sauka in sun dawo daga hanya, da falo a tsakiya inda suke cin abinci tare, kuma akwai taga da ke kallon mumbari kai tsaye, ta nan Wesley ke leƙen sabon mai wa'azi yana sauraronsa. Na sa fuskata a gilashin na leƙa ƙasa, ga benci ga ginshiƙai shida, komai tsaf. A tsakar gida kuma ga bargar doki har yanzu, da mutum-mutumin Wesley a kan dokinsa.

Masu kula da wurin sun karɓe ni hannu bibbiyu, na yi ta jero tambayoyi kan asusu ba su gaji da ni ba. Akwai wurin shan shayi a ƙasa. In za ka je ka ware awa biyu aƙalla, ka kuma duba ranakun buɗewa a intanet kafin ka kama hanya.